Takardar Bagaruwa ta Malam Zailani

Duk wanda ya saba hawa motar ma'aikata da ke tashi daga Al Nahda bayan sallar asuba zuwa Dubai Investments Park ya san Mu'awiya, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan da furfura ta fito wa tun bai cika arba'in ba, wanda kowa ke gyangyaɗi shi yana karatu, ya rungume wata tsohuwar jakar fata a ƙirji kamar za a ƙwace masa. Abokan ɗakinsa Furofesa suke ce masa. Ba furofesa ba ne, ko kusa. Mai gwajin fenti ne a wani kamfani: a dama, ya ɗiba, ya shafa a faranti, ya jira ya bushe, ya rubuta abin da ya gani, wani can a sama ya sa hannu.

Ɗan majema ne daga cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Ɗantani majemi, shi ya jeme fatar jakar nan da hannunsa. A gidan Ɗantani ba a tambayar dalili. In ya ce a bar fata a ruwan bagaruwa, a bar ta. In ya ce a tsame, a tsame. Shi ma haka ya gani a wurin ubansa. Sau ɗaya Mu'awiya yana ƙarami ya ce, "Baba, me ya sa?" Kallon da aka yi masa ya ishe shi har girmansa. A makarantar zaure ma haka ya taras: abin da malam ya faɗa, daga bakin malaminsa ya ji, kai kuma naka shi ne ka riƙe da kyau.

Da Allah ya kai shi jami'a ya karanci kimiyyar sinadarai, a can ya haɗu da Dakta Zailani, wanda ɗalibai ke ce wa Malam kawai. Siririn mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa, allin da ke hannunsa kullum ya ɓata masa gaban riga. A bakinsa Mu'awiya ya fara jin kalmar nano. Malam ya ce in aka mai da abu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ƙanƙantar da ko madubin asibiti ba ya ganinsu, sai halin abin ya sauya, ya riƙa yin aikin da da can bai iya ba. Kuma shi Malam ya gano cewa da ruwan bagaruwa ana iya samar da irin waɗannan ƙwayoyi daga tutiya, farin garin nan da ake sawa a man shafawa, su kuma suna kashe funfuna. Ranar da ya ji cewa akwai ɗan majemi a ajinsa, har tafi ya yi. Daga nan Mu'awiya ya zama mai kawo bagaruwa a buhu, ya zama ɗan gida. Lokacin yajin aiki a gidan Malam ya ci ya sha. Da Ɗantani ya rasu, Malam ne ya sa babbar riga ya je ya nema masa auren Nuriyya.

To, Malam yana da handawut, takardun darasin da yake raba wa ɗalibai, kamar kowane malamin jami'a. A shafukan ƙarshe akwai manazarta, wato jerin littattafai da takardun binciken da aka dogara da su, kowace da sunan marubuci da mujalla da shekara da shafi. A cikinsu akwai ta Malam da kansa, takardar bagaruwa. Ɗalibi in ya zo rubuta kundinsa sai ya kwashe jerin nan ya zuba a ƙarshen nasa, na bayansa ya kwafa daga nasa, haka ake yi. Laburaren ba mujallu, wuta ba ta zama, kuma wa ya isa ya tsaya gaban Malam ya ce, "Ina takardar take, in gani?" Ai wannan rashin kunya ne. Abin da ke cikinta kuwa Malam ya koyar da shi da baki, Mu'awiya ya haddace shi tsaf, har a hannunsa aka dafa bagaruwar.

Bayan digiri aiki ya ƙi samuwa. Wani ɗan unguwarsu mai fatauci ya jawo shi Dubai, ya yi shekaru a Al Ras yana ɗaure kayan 'yan kasuwa ana tura su Kano, kafin ya samu kamfanin fenti. Yana nan aka haifi 'yarsa Turai. Ta yi rarrafe a waya, ta yi tafiya a waya, ta shiga makaranta a waya. In ya je hutu sai ta ɓuya bayan zanen uwarta, kafin ta saba da shi kwanaki sun ƙare. Matsayin da aka rubuta masa a katin aiki bai kai na wanda zai ɗauko iyali ba. Nuriyya mace ce mai haƙuri, amma ko ita ta kai inda ta ce masa, "Abban Turai, ni fa na gaji. Ba faɗa nake yi ba, faɗa maka nake."

Sai kamfani ya buɗe masa ƙofa: in ya yi digiri na biyu, za a mai da shi cikakken masanin sinadarai, biza ta iyali ta samu. Suka ɗauki nauyinsa a wata jami'a a nan Dubai mai karatun yamma. Me zai bincika? Ai ba sai an tambaya ba. Gumin Dubai yana sa bango funfuna, shi kuma yana da maganinta a ka tun daga Kano. Ya aika aka kawo masa bagaruwa cikin kayan wani ɗan kasuwa, ya dafa, ya tace, ya haɗa da fenti. Abin kuma ya yi, wallahi ya yi! Farantin da ya shafa wa nasa ya zauna fes, na gefensa ya yi baƙi. Ya rubuta kundinsa, da ya zo manazarta ya buɗe jakar fata, ya ciro handawut ɗin Malam da ya yi jawur don tsufa, ya kwafe jerin kamar yadda aka saba, har da bismilla.

Mai duba aikinsa, Dakta Zainul Abideen, Ba'indiye ne mai sanyin magana. Ranar da ya kira shi ofis bai ce ya zauna ba sai da ya rufe ƙofa.

"Mu'awiya, habibi, ka gaya mini gaskiya. Manhaja ce ta rubuta maka manazartan nan?"

Mu'awiya bai ma gane ba da farko. Dakta ya yi masa bayani: yanzu ɗalibai suna sa manhajar nan mai rubuta wa mutum komai ta haɗa musu jeri, ita kuma sai ta ƙirƙiro takardun da ba a taɓa rubutawa ba, da suna da shafi da komai. Don haka jami'a ta sa ana bin kowace madogara ɗaya bayan ɗaya. Nasa an bi. Da yawa shekara ba daidai ba, shafi ba daidai ba. Ɗaya kuma, wadda duk kundin ya tsaya a kanta, an neme ta sama da ƙasa babu ita.

"Mako mai zuwa kwamiti zai zauna. In suka ce ƙirƙira ka yi, kora ce, kuma dole a sanar da kamfaninku. Khalas, shi ke nan."

Da ya fito, zafin waje ya buge shi amma shi sanyi yake ji. Kora daga makaranta kora ce daga aiki, kora daga aiki kuma jirgi ne zuwa Kano, hannu wofi, da sunan maƙaryaci. Shi da ko latsa waya bai iya sosai ba, shi za a ce na'ura ta yi wa ƙarya!

Ya ɗauki hutun da yake tarawa don Sallah ya tare a laburaren jami'a. A karon farko a rayuwarsa ya bi jerin nan da idonsa. Kai, abin takaici! Wannan an sa mata shekarar wata, waccan an haɗa sunan mutum biyu ya zama ɗaya, wata kuma shafinta na wata takarda ce dabam da ke magana a kan siminti. Shekara da shekaru ana kwafa daga hoton takarda zuwa hoton takarda, mai buga rubutu ya ƙara nasa kuskuren, ana ta ba da digiri ana ɗaukar hoto da hula, ba wanda ya taɓa buɗe ko ɗaya. Ya gyara su duka, ya samo kowace ya karanta, wasu ma ya ji haushin bai karanta su tun da ba. Saura ta Malam. Matar da ke kula da laburaren ta taya shi nema har ta gaji, ta ce mujallar ta daina fitowa tun kafin shekarar da aka rubuta a jerin.

Ya shiga kiran tsofaffin abokan karatu. Kowa yana da ita a kundinsa, ba wanda ya taɓa ganinta. Salmanu, wanda yanzu yake aikin banki, dariya ma ya yi. "Haba Mu'awiya, wa ke karanta manazarta? Ado ne fa!" Mu'awiya ya kashe wayar, don in ya amsa zagi zai yi.

Abinci ya daina shiga. A fulat ɗinsu na Al Nahda, gadonsa yana ƙarƙashin na Kure, wani Kirista ɗan Kagoro mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda bakinsa ba ya shiru. Kure ya leƙo daga sama ya gan shi ya zuba wa handawut ido.

"Furofesa, malamin nan naka yana da rai ko ya mutu?"

"Yana da rai. Ɓarin jikinsa ne ya shanye."

"To ka kira shi mana!"

"In ce masa me, Kure? In ce Malam ban yarda da kai ba, kawo shaida?"

"A'a, kar ka kira. Ka zauna da kunyarka. In an sa ka a jirgi sai ka kai wa Turai ita tsaraba." Ya diro ƙasa, ya ɗauki wayar Mu'awiya ya danƙa masa a hannu. "Yalla, maza. Wallahi in ba ka kira ba ni zan kira, kuma ka san ban iya gaisuwa ba."

Bai kira a ɗaki ba. Ranar Lahadi da la'asar ya tafi Al Ras, ya wuce shagunan kayan yaji inda ya yi ɗaurin kaya a da, ya zauna a bakin ruwa yana kallon jiragen katako suna tsallakar da mutane. Ya yi kiran bidiyo. Hajiya Maimunat, matar Malam, ita ta ɗauka. Ya gaishe ta, ya tambayi mai jiki, ya tambayi yara, ya sake tambayar mai jiki, har ta ce, "Mu'awiya, lafiya dai?" Sannan ya faɗa, a kaikaice, kamar kwafi kawai yake so.

Hajiya ta tashi ta fita baranda ta ja ƙofa.

"Ɗana, takardar nan ba ta taɓa fitowa ba."

Ta ce editan mujallar abokin Malam ne. Ya karɓe ta, ya yaba, ya gaya masa da baki fitowa ta nawa za ta shiga da shafin da za ta fara, wai tana wurin masu ɗab'i. Malam don murna a makon ya sa ta a handawut. Sai ƙungiyar da ke fitar da mujallar ta rabu gida biyu, editan ya rasu, shi ke nan. Kowace shekara Malam sai ya ce bana za a warware, bana za ta fito, bai taɓa yarda ya cire ta ba. Nasa kwafin kuma gara ta cinye lokacin da aka tashe su daga gidan jami'a. "Har yau in an buga ƙofa da rana sai ya ce a duba ko saƙo ne," in ji ta.

Mu'awiya ya ji murya daga cikin ɗaki, a karkace, tana kiran sunansa. Malam ya ji. Dole Hajiya ta kai masa wayar.

Ya rame ƙwarai, baki ya koma gefe guda, amma idon nan yana nan.

"Ɗan majemi," in ji Malam, kalma na fita da ƙyar. "Na ji ana maganar takardata. Can wurinku... akwai manyan laburare. Ka gan ta? Ta fito?"

A bayansa Hajiya ta sa hannu ta toshe bakinta, tana kallon Mu'awiya. Shi kuma yana kallon mutumin da ya ciyar da shi, ya tsaya masa a matsayin uba.

"Ta fito, Malam."

Malam ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Na gaya musu. Na gaya musu."

Washegari Mu'awiya ya je ya gaya wa Dakta Zainul Abideen komai. Dakta ya saurara, ya cire tabarau ya goge.

"To akwai mafita. Ka kawo wa kwamiti handawut ɗin da ka kwafa daga ciki. In sun gani da idonsu, laifinka sakaci ne, ba ƙirƙira ba. Gargaɗi za a yi maka, ka sake rubutawa." Ya ɗan dakata. "Amma ƙa'ida ce, za su rubuta wa jami'arku ta gida cewa malaminsu ya sa sunansa a kan takardar da ba a buga ba, ya kuma raba wa ɗalibai."

"Dakta, ba za a iya rufe sunan ba? Tsoho ne, ba shi da lafiya. Ba ƙarya ya yi niyya ba, wallahi jira yake."

"Na yarda da kai. Amma sunan shi ne shaidar."

Mu'awiya ya san garinsu. Irin wannan wasiƙa ba ta zama a ofis ɗaya. Kafin a buɗe ta a majalisar jami'a an ji ta a masallaci, an ji ta a wurin ɗaurin aure, kuma akwai waɗanda Malam ya taɓa kayarwa a jarrabawa da yanzu su ne manya. Mutum ya yi shekara da shekaru yana cin alli, abin da ya rage masa a duniya sunansa ne kawai. Ya roƙi Dakta har ya ji kunyar kansa. Ya tambaya ko zai iya janye kundin ya fara wani, aka ce an riga an shigar da ƙara. Ya yi salla ya roƙi Allah ya kawo hanya ta uku, bai ga ta uku ba.

Ranar zaman kwamiti, yana cikin mota da safe saƙon murya ya shigo daga wayar Nuriyya. Turai ce. "Abba, Umma ta ce yau za ka yi jarrabawa, in ka ci za mu hau jirgi. Ni wajen taga zan zauna. Na gaya wa 'yan ajinmu." Ya saurara, ya sake saurara, har na kusa da shi ya juyo ya dube shi.

Ɗakin kwamiti sanyi kamar firji. Mutum uku a bayan tebur, Dakta a gefe. Shugabar ta tambaye shi ko ya yi amfani da manhaja, ya ce a'a. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin takardar, ya ce a'a.

"To daga ina ka samo ta?"

"Kuskurena ne," in ji shi.

"Ba abin da na tambaya ba ke nan. Daga ina?"

Ya ji ƙarar na'urar sanyi. Shugabar ta duba agogo, ta jawo takarda ta cire murfin biro. Ya ga kan biron ya sauka. Shi dai bai san lokacin da hannunsa ya kai ga jakar ba. Ya kwance igiyar da Ɗantani ya kitsa, ya ciro handawut ɗin, ya buɗe shafin ƙarshe, ya miƙa da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu. Suka duba, suka ɗauki hoto, suka tambaye shi cikakken sunan Malam da sashensa. Ya faɗa, har ya gyara musu rubutun sunan.

Gargaɗi aka yi masa. Ya sake rubuta kundin, kowace madogara sai da ya riƙe ta a hannu ya karanta kafin ya sa. Inda takardar bagaruwa take a da, ya rubuta cewa wannan hanya ya ji ta ne da baki daga Dakta Zailani, wadda ita ce gaskiyar tun farko, da wani ya taɓa tambaya. Ya ci jarrabawar. Kamfani ya cika alkawari, aka sauya masa kati, aka fara cika takardun Nuriyya da Turai. Kure ya yi rawa a tsakar fulat har maƙwabta suka buga bango, ya ce daga yau Furofesan ya zama na gaske. Mu'awiya ya yi murmushi don kar ya ɓata masa. Murna yana yi, ba zai ce ba ya yi ba, amma har yanzu abinci ba ya shiga.

Yana wurin aiki da rana, ya shafa fenti yana jiran ya bushe, Hajiya Maimunat ta kira. Muryarta wasai.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na san abin da ka faɗa masa don ka faranta masa ne, ni ban ga laifinka ba. Ka ga mutumin nan? Tun ranar yake cin abinci. Jiya har ƙofar gida aka fito da shi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa takardarsa ta fito a Dubai, ɗalibinsa ya gani da ido. Har liman ya sa ya yi maka addu'a. Ga shi nan, tun safe yake damuna in kira ka."

Kafin ya ce wani abu, fuskar Malam ta cika wayar. An yi masa aski, an sa masa hula.

"Ɗan majemi. An ce za ka zo ɗaukar iyali."

"In sha Allahu, Malam."

"To ka taho mini da ita. Ko kwafi ɗaya ne. In riƙe ta a hannuna."

Wasiƙar kwamiti tun makon jiya aka aika ta Kano. Mu'awiya ma an ba shi kwafinta, tana nan cikin jakar fata inda handawut ɗin yake zama a da.

"To, Malam," in ji Mu'awiya.